Ranar da Anka Buga Sukuru da Guduma a Rara

Ku aje wayoyin nan ku matso, tun da an ɗauke wuta kuma na ga ba mai niyyar taɓa zarto. Jiya na ji ɗayanku shina faɗa wa mai shayi wai kafinta yanzu aikin malalata ne, wai maɓalli kawai ake dannawa sukuru ya shige da kanshi. Ban tanka ba don akwai goro a bakina. Yau bakina babu komi, sai ku yi haƙuri da ni.

Babban sukuru na farko da na taɓa ɗaurawa a gindin amalanken shanu ne, a Rabah, wurin maigidana Malam Ummaru, Allah shi jiƙan shi. Ba irin ƙananan nan da kuke sa wa ƙofar kabad nake nufi ba. Ina nufin mai kaurin ɗan yatsa, mai tsawon tafin hannu ko fiye, wanda kanshi awa na noti, sai da sifana ake kama shi. Lokacin babu inji ko a labari. Akwai dai mahudin hannu, wani lanƙwasasshen ƙarfe da za ka danna da ƙirji kana juyawa har rami ya samu. In ka gama ka goga wa sukuru sabulu, ka zura mashi washa, ka kama sifana ka yi ta juyi. Malam Ummaru shina zaune bisa kifaffen turmi shina kallo. In ya ga ka ɗauko sukuru ba ka yi rami ba, takalmi kawai za ka ji a gadon bayanka. Kafin la'asar ƙirjinka ya yi tsami, hannunka ko loma ba ya iya kaiwa baki. Amma amalanken da munka haɗa a waccan rumfa, akwai waɗanda har yau suke kai taki gona.

A wurinshi na san halin itace. Farin katakon da ake kawowa daga kudu laushi gare shi, ko mi ka ba shi karɓa yake. Dogon yaro in ɗanye ne zai karɓi sukuru da fara'a, in ya bushe ya sake maka shi. Giginya in ka matsa kusa da bakinta sai ta tsage ta bi tsawonta. Kirya kuwa, hmm, kirya ba ta da mutunci ko kaɗan. Gara ba ta cinta, ruwa ba ya ruɓar da ita, shi ya sa kowa ke son ta a ginshiƙi, amma bakin mahudin da ta karya mani Allah kaɗai ya san yawansu.

Shi kuma ramin nan da kuke rainawa kuna tsallakewa in ba na kusa, ku ji yadda yake. Ka ɗaga sukuru ka dubi jikinshi, ka cire haƙoran a ranka, abin da ya rage shi ne kaurin ramin. In ramin ya yi faɗi, haƙora ba su da abin cizo. In ya yi ƙunci, ko itace ya tsage, ko kan sukuru ya fita ya bar maka sauran a ciki kana zufa. Katakon sama kuma a ɗan faɗaɗa nashi ramin, don sukuru ya wuce shi salin alin ya ciji na ƙasa ya jawo su su haɗe. Wanda bai san wannan ba, ko injin jirgin sama anka ba shi ɓarna zai yi.

Ƙyauren wani shagon hatsi a kasuwar Goronyo shi ne aikin farko da na kai injin huda mai waya. Na ɗauko shi daga nan Wurno da ɗan janareta, ina tafe ina hura hanci awa ango. Ranar kasuwa ce, mutane sun yi dafifi suna kallo. Na huda maɗaci, rami ya fita tas cikin ƙiftawar ido, sai na ce a raina injin da ya iya huda ai zai iya ɗauri. Na sa mashi bakin da ke kama kan sukuru, na hau benci, na danna. Sukuru ya kai rabi ya tsaya cik. Injin kuwa bai tsaya ba, sai ya juya ni. Ban san sadda na baro benci ba, na dai gan ni a ƙasa hulata can kusa da ƙwaryar wata tsohuwa mai sai da fura. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, kai anka zo ɗaurewa ko ƙyauren?" Kasuwa ta ɗauki dariya. Hannuna ya kwana biyu wurin maɗori, kuma tun daga ranar na san injin huda na huda ne da ƙananan sukuru, babba ya fi ƙarfinshi.

Haka na ci gaba, inji ya huda, sifana ta ɗaure, har muguwar shekarar nan ta zo. Ɓarayin daji sunka tsananta a gabashinmu, hukuma ta hana sai da mai a jarka, wasu kasuwanni anka rufe su, waya kuma babu sabis. Janaretana ya zama kujerar zama. Mutumin da anka kore wa shanu ba ya neman amalanke, wanda ya gudo daga ƙauye ba ya neman gado. Sai mu wuni a rumfa muna korar ƙuda. Da na ga zaman ba zai kai ni ko'ina ba, na sai da janaretan na nufi Sakkwato neman injin batir, tun da rana dai ba a hana ta fitowa ba, kuma kowane gari akwai mai cajin waya da sola.

Mai shagon ya jera mani iri uku bisa tebur. Na farko injin huda ne na batir, shi na sani. Na biyu ɗan guntu ne mai kumburin kai, in sukuru ya yi mashi gardama sai ya riƙa bugun shi ta gefe daga ciki, tatata-tatata, shi ya sa ba ya murɗe maka hannu. Mu mai bugu muke ce mashi. Na uku ƙato ne, irin na masu kwance tayar mota, shi mai shagon ya fi so in ɗauka. Na ce a kawo guntun katako da sukuru mu gwada. Yana dannawa kan sukuru ya yi tsalle ya bugi kwanon rufi. Na ce, "Malam, ni kafinta ne, ba tirela nake ci ba." Na ɗauki na farko da na biyu, masu cin batir iri ɗaya, da batir biyu. Ku riƙe wannan: batir a hannu ake auna shi, na jabu shafal za ka ji shi awa gwangwanin da babu komi ciki. Bakin da ke kama kan sukuru kuma baƙi za ka nema, mai ƙyallin nan na sifana fashewa yake in bugu ya yi yawa. Kuma kada ka bar batir a rana, ko da kai kana cikinta.

To aikin da nake so in ba ku labari, na Altine ne. Altine tobashina ne, ɗan gwaggona, tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba sai da tsiya. Shi ya ce ni bawanshi ne, ni in ce shi ne nawa. A waccan shekarar yana zaune wajen Shinaka anka kore mashi shanun noma, anka kwashe abin da ke rumbu. Ya kwaso iyalinshi da marayun wanshi ya dawo Rara wurin surukai, anka ara mashi wata fadama, ya zuba duk ƙarfinshi a albasa. Allah kuwa ya ba shi, ta yi kyau ƙwarai. Sai dai lokacin cirar albasa kowa da tashi, ba ta da daraja. Mai wayo ajewa yake a rudu, wato dandamalin da ake ɗagawa sama da ƙasa a rufe da jinka iska na ratsawa, har ta yi tsada. In ruwa ya taɓa ta kuwa, ko ta zube ta ƙuje, shi ke nan, wari kawai za ka kwasa. Albasar nan ita ce abincin gidan Altine na shekara, babu wani abu bayanta.

Filin da surukai sunka ba shi don kafa rudu ƙarami ne, rudun kara da igiya irin na kowa ba zai ɗauke ta ba. Sai ya aiko mani: "A hwaɗa wa bawana ya zo ya yi mani mai hawa biyu." Na je. Munka kafa ginshiƙan kirya, munka tanadi katakan da za su gitta, manyan sukuru cike da kwano. Albasa tana tule gindin wata tsamiya an lulluɓe ta da ganyenta. Kwana biyu ke nan ana ganin hadari shina leƙowa daga gabas shina komawa, don haka Altine ya kira gayya a gama a rana ɗaya. Majiya ƙarfin unguwa sunka zo, mata na dafa tuwo, har da makaɗi, wani ƙato mai tumbi da gangarshi.

Tun da safe na kama huda. Na gama ramukan duka, kowane a wurinshi, amma kirya ta shanye mani batir biyun tas. Saura ɗauri kawai. Na ce wa Altine, "Za ni wurin mai caji a bakin tasha, in yi azahar can in dawo. Ku ɗaura jinka kafin nan, kada wanda ya taɓa mani kwanon ga."

Ya ce, "Tahi abinka, bawa. Kai da injinka duk ragwaye ne, ba ku aiki sai an ba ku abinci."

Na kwashe injina biyu na tafi da su, don na san hannun Altine ba ya zama wuri ɗaya. Ban yi tunanin kwanon ba. A tasha kuma gari ya lumshe, sola na ba da wuta kaɗan-kaɗan awa mai rowa. Na yi salla, na jira, na ƙara jira, da ƙyar batir ɗaya ya ɗan samu. Na ce ya isa ɗauri, na kamo hanya.

Tun daga nesa nake jin ganga da guɗa. Da na matso sai na ji wani sauti a ƙarƙashin gangar, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Na ƙara sauri. Ina shan kwana na tarar da rudu tsaye cif, hawa biyu, jinka a sama, kwanona wayam. Wani saurayi na buga na ƙarshe da gudumar fasa dutse. Kun san mutanenmu, duk ƙarfen da ke da tsini da kai, a wurinsu ƙusa ne, kuma a gayya ba a zama ana kallon aiki alhali ga ƙarfi ga makaɗi na zuga. Sun ga rami a shirye, sun ga sukuru, sai sunka yi abin da sunka saba.

Altine ya taro ni shina rangaji. "Sannu da zuwa, mai inji! Mi kag gani? Abin da za ka wuni kana yi, mun yi shi kahin tuwo ya nuna. Ƙusa ce dai anka yi wa ado, mi ab abin wahala?"

Wallahi raina ya ɓaci, har na ji kunnuwana na zafi. Sukurun da anka buga da guduma, haƙoranshi ba su shiga itace ba, yage shi sunka yi sunka wuce. Daga waje ka gan shi zaune daram, a ciki kuwa cikin garin katako yake kwance. Amma in na tsaya bayani a gaban 'yan gayya da ganga, wa zai ji ni? Sai na haɗiye, na yi murmushi na ce, "Madalla da aiki. To kafin a ɗora albasa, ku hau mu gani. Kai Altine fara, makaɗi ya bi ka, da duk wanda ya buga. Albasar ta fi ku nauyi nesa ba kusa ba."

Sunka hau suna dariya. Makaɗi ya ɗaga ganga, Altine ya fara taka rawa shina nuna ni da baki. Rudu ya yi ƙiiii. Altine ya ce, "Gaisuwa yake yi!" Bai rufe baki ba katakon gaba ya zame daga ginshiƙi da sukurunshi a jiki, awa an zare cokali daga kunu. Sunka gangaro gaba ɗaya, makaɗi ya sauka bisa Altine, ganga ta mirgina ta shige cikin mata. Ba wanda ya ji ciwo, ƙasar yashi ce. Anka yi dariya har da masu riƙe ciki, ni ma na yi, ba zan ɓoye maku ba.

Wanda bai yi ba shi ne Altine. Ya tashi zaune bai ko kakkaɓe rigarshi ba, ya dubi gabas. Na bi idonshi. Hadarin da ke wasa da mu kwana biyu ya haɗo baƙi ƙirin, kuma wannan karon ba mai komawa ba ne. Ya dubi tulin albasa gindin tsamiya. Tun da nake da shi ban taɓa ganin fuskarshi haka ba, sai na ji tausayinshi ya kama ni. Ya matso ya ce a hankali, "Akwai dabara?"

Na ce, "Akwai, in za ku yi abin da na ce, ba abin da ganga ta ce ba."

Ramukan farko sun lalace duka, dole a huda sabbi a gefensu. Batir ɗin da ke hannuna in na ba kirya shi a huda, ba zai kai ko'ina ba. Sai na zazzage jakata na fiddo tsohon mahudin hannu, anka ruga gidan maƙerin garin anka aro wani. Na riƙa sa alama da fensir, na ɗaura tsumma a bakin mahudi inda zurfin zai tsaya, na ce majiya ƙarfi su danna da ƙirji su juya, wanda ya gaji ya ba na baya. Wasu na zare sukuru daga katako, da hannu ma ake zare wasu, muna ware waɗanda sunka lanƙwashe. Ige matar Altine ta fito da sabulun wankinta ta miƙo mani, ta ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Na hwaɗa mashi ya jira ka, yac ce mi mace tas sani a katako." Altine bai ɗago kai ba, shi ne ma ya zauna shina goga wa sukuru sabulu ɗaya bayan ɗaya.

Ni kuma ina bin su da mai bugu. Ka kafa bakin sosai bisa kan sukuru, ka miƙe hannunka daidai da shi, ka fara a hankali har haƙora su kama. In ya shiga kirya za ka ji ya fara tatata-tatata, to nan ka buɗe kunne. Da washa ta zauna ta daina juyawa, ɗaga yatsanka. Sauran ɗan abin da ya rage sifana ce za ta ƙarasa, don hannu na jin inda ya isa, inji ba ya ji. Sau biyu wani dattijo na bayana shina cewa, "Ƙara mashi, ɗana, ƙara mashi!" Na ce, "Baba, in na ƙara kanshi zai fita, kuma ba mu da na canji." Makaɗi ya so ya ɗauki ganga, na ce ya aje ta ya riƙe mani katako, nauyinshi ya yi amfani.

Batir ya mutu a katakon ƙarshe, munka ƙarasa da sifana, mutum biyu na ja. Na ce a sake hawa. Wannan karon ba wanda ya yi rawa, sunka hau a tsorace sunka tsaya. Shiru. Na ce su yi tsalle, sunka yi. Ko motsi.

Kafin su sauko iska ta fara kaɗa ganyen tsamiya. Ba wanda ya jira umarni. Maza, mata, tsofaffi, anka yi layi daga tsamiya zuwa rudu, kwando na bin kwando, masu tasa na kawowa, wata ma a zanenta ta ƙunso. Ina sama ina baza ta don kada ta taru wuri ɗaya, ina jin katako na karɓar nauyi a ƙarƙashin ƙafata. Ɗigon farko ya faɗo mani a wuya ana miƙo kwandon ƙarshe. Munka ja zana munka rufe gefen gabas munka ɗaure.

Sai ruwa ya kece da iska mai ƙarfi. Kowa ya ruga zaure. Ina shiga na waiga ban ga Altine ba. Can na hango shi ya sunkuya ya shige ƙarƙashin rudu, ya zauna dirshan, duk nauyin albasar nan bisa kanshi. Na ƙwala mashi kira, "Kai mahaukaci, fito!"

Ya ce, "In za shi hwaɗuwa, ya hwaɗi da ni. In na hito mi za ni ce wa ɗiyan ga?"

Na dubi rudun. Sai na ga ai aikina ne a saman nan, in ban yarda da shi ba wa zai yarda? Na ratsa ruwan na shiga na zauna kusa da shi. Iska na dukan zana, jinka na kaɗawa, ruwa na gudu ta gefen ƙafafunmu. Kunnuwanmu na sama. Mun daɗe a haka kafin iskar ta faɗa, ya rage yayyafi.

Ya ce, "Ka ji ya yi ƙara?"

Na ce, "Ban ji ba."

Ya ce, "Ni ma ban ji ba."

Ya miƙa hannu ta tsakanin katako ya shafa albasar da ke ƙasa, ya shafa wata, ya fiddo hannun ya duba. A bushe. Sai na ga ya kama bakin riga shina goge ido, ya goge ya sake gogewa. Da ya lura ina kallonshi ya ce, "Mi kake kallo, bawa? Albasa ce ta shigar mani ido."

Na ce to. Ni dai ban ga wanda ya yanka albasa a wurin ba.